Gidan da Muhyiddin Ya Sayar

Ba yunwa ce ta kai Muhyiddin gaban boka ba, duk da cewa haka ya riƙa gaya wa kansa. Haushi ne ya kai shi, haushin mutum ɗaya tak, Abdulgafar Dillali, wanda suka taso unguwa ɗaya suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Shekara goma sha shida Muhyiddin ya yi yana tuƙa babbar mota, yana ɗauko doya da hatsi daga Mashegu da Kaboji yana kai wa kudu. Da guminsa ya gina gida mai ɗaki huɗu a gefen Kontagora, bulo bayan bulo, da rijiya da bishiyar mangwaro a tsakar gida. A nan ya ajiye mahaifiyarsa Inna Hafsatu, da matarsa Safiyatu, da 'ya'yansu uku, Abdulmalik da Sakinatu da auta Zulfa. Da ciwon baya ya sauko da shi daga mota, sai ya yanke shawarar sayar da gidan, ya kama haya, ya juya kuɗin a harkar hatsi, tunda ya san hanyarta kamar tafin hannunsa.

Sai dai ya fito da gidansa kasuwa a lokacin da kasuwar gidaje ta mutu murus. Abinci ya yi tsada, kowa ta cikinsa yake yi. Waɗanda suka baro ƙauyuka suka cika gari ɗakin haya suke nema, ba gidan saye ba. Mutum zai zo ya zagaya gidan, ya leƙa rijiya, ya ƙwanƙwasa bango, ya yaba ginin har da rantsuwa, ya ce gobe zai dawo da wansa, daga nan ko wayarsa ba za a ƙara samu ba. Damina biyu ta sauka a kan rubutun tallar gidan da ya yi da gawayi a jikin katanga, ya sake shi har ya gaji da sakewa. Ya rage kuɗi sau uku, ba wanda ya taya.

Duk wannan da ya jure, don ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne labarin da wani malamin makaranta mai suna James ya kawo masa. James ya so gidan ƙwarai, har ya fara haɗa kuɗi, sai kuma ya janye. Da Muhyiddin ya matsa masa, ya ce dillalin da aka ba gidan, wato Abdulgafar, shi da kansa ya ja shi gefe, ya ce masa ruwa na cin gindin ginin, kuma ba a yi shekara ba a yi rashin lafiya mai tsanani a gidan ba. Ashe haka Abdulgafar yake yi wa duk mai saye. So yake gidan ya yi kwantai har mai shi ya gaji, ya miƙa masa a kuɗin goro.

Muhyiddin ya same shi a majalisarsu ta bakin tasha bayan la'asar, ya faɗa masa a gaban mutane. Abdulgafar bai ko musa ba. Ya gyara zaman hularsa, ya yi murmushi.

"Muhyiddin, ka kwantar da hankalinka. Gidan nan ni zan saye shi, ko bana ko baɗi. Ranar da tukunya ta ƙi ɗoruwa a gidanka, da ƙafarka za ka kawo mini takardun."

'Yan majalisa suka yi dariya, wasu don maganar ta ba su dariya, wasu don Abdulgafar ne ke biyan kuɗin shayi. Muhyiddin ya tashi ya kaɗe rigarsa, zuciyarsa na tafasa, ya sha alwashin sai ya ga hawayen mutumin nan ko da me zai saya.

Tun yana tuƙi yake jin direbobi na raɗe-raɗin wani tsoho a dajin bayan Zugurma da ake kira Mai Rumbu. Ranar wata Talata ya ce wa Safiyatu zai je duba farashin masara, ya ɗebi ƙasa daga kusurwoyi huɗu na gidansa kamar yadda aka kwatanta masa, ya ƙulle a leda, ya hau babur. Inda hanyar babur ta ƙare ya ci gaba da ƙafa. Rana na tsaka ya isa wani kufai, ƙauyen da mutanensa suka tashi tun da daɗewa. Duk ɗakunan sun zube sun zama tsibin laka, abu ɗaya ne kawai a tsaye: wani ƙaton rumbu baƙi ƙirin, jikinsa na naso kamar an shafa masa mai, ƙudaje sun lulluɓe gindinsa. Ba kukan tsuntsu a wurin, ba motsin ganye. Wani wari ne ke fitowa daga bakin rumbun, irin na ƙasar da aka tone daga wuri mai zurfi.

Tsohon na zaune a inuwarsa a kan buzun baƙar akuya, ƙanƙanin mutum, yatsunsa duk busasshiyar laka. Bai amsa sallama ba, hannu kawai ya miƙa. Ya zazzage ƙasar a ƙoƙo, ya tofa mata yawu, ya yanka baƙar kaza ya tsiyaya jinin a kai, ya shiga cuɗawa. Muhyiddin na kallo tsohon ya gina ɗan ƙaramin gida a tafin hannunsa, ɗaki huɗu, da ramin rijiya, da ɗan tsinke a inda mangwaro yake, alhali ba wanda ya kwatanta masa gidan.

"Sayarwa kake so, ko ramuwa?" in ji tsohon.

"Duka biyun, Baba."

"Gida zai sayu kafin kwana bakwai, ninki uku na abin da ka sa masa, kuma wanda ka ambata shi zai saya. Kuɗin duk inda ka sa su sai sun haihu. Amma masu rumbun nan ba sa aikin banza."

Muhyiddin ya ce a faɗi ko nawa ne, in gida ya sayu zai kawo. Tsohon ya yi wata 'yar dariya marar sauti, ya ce su ba su san kuɗi ba. Ya ce Muhyiddin zai sayar wa mutum da gini, su kuma ya bar musu ƙasar, kuma duk ɗan da aka binne mabiyiyarsa a ƙasar gidan nan, nasu ne, ko na baya ko na gaba.

Muhyiddin ya shiga lissafin mutane. Shi dai ba a gidan aka haife shi ba. 'Ya'yansa uku kuwa duk a asibiti aka haife su, wannan ya tabbata, don shi ya riƙa turo kuɗin sallama daga kan hanya. Abdulgafar kuma mata biyu gare shi, kowacce da tsohon ciki, kuma mutum ne mai maƙon da ba zai kai mace asibiti ba matuƙar akwai ungozoma a unguwa. Wani daɗi mai sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

"A gidan ba a haifi kowa nawa ba, Baba. Na yarda."

"Ban tambaye ka inda aka haife su ba," in ji tsohon. "Ka yarda?"

Da mutum ne mai hankali a jikinsa, da wannan maganar ta tsayar da shi. Amma shi a lokacin fuskar Abdulgafar kawai yake gani a bakin kabari. Ya ce ya yarda, har sau uku, ya ambaci sunan mai saye. Tsohon ya hau wani tsani ya ɗaga murfin rumbun, ya ce ya zo ya ajiye ɗan gidan lakar da hannunsa. Da Muhyiddin ya leƙa, ya ga ƙananan gidajen laka jere a kan kantoci, sun fi ɗari, wasu sun tsage, wasu sun rufta. A can ƙasa cikin duhu wani abu na numfashi a hankali. Ya ajiye nasa, ya sauko, bai waiwaya ba har ya kai wurin babur.

Kwana na biyar, da hantsi, Abdulgafar ya yi sallama a ƙofar gida, idanunsa jajur. Ya ce kwana huɗu ke nan gidan nan yake gani ko ya rufe ido ko ya buɗe. Muhyiddin ya bar shi a tsaye cikin rana, ya koma ciki ya gama karin kumallonsa a tsanake. Da ya fito ya yanka masa ninki uku, Abdulgafar bai nemi ragi ba. A gaban mai unguwa da shaidu aka sa hannu, kuma sai da dillalin ya sayar da filayensa biyu da motarsa kafin ya cika kuɗin. Labari ya zaga gari cewa an yi wa sarkin wayo wayo. Muhyiddin da kansa ya je majalisar bakin tasha ya biya wa kowa shayi, ya ce a ƙara wa Abdulgafar madara, don ya ga ya rame.

Daga nan duniya ta buɗe masa. Masarar da ya saya a Kaboji kafin wata biyu ta ninka. Ya sayi doya a gona, ta yi tsada tun ba a haƙe ta ba. Shekara ba ta zagayo ba ya mallaki manyan motoci uku, ya gina gidan sama a tsakiyar gari, ya je Makka ya dawo Alhaji. Ciwon bayan ma ya tafi. Abu ɗaya ya rage masa, jiran ranar da Abdulgafar zai tare a gidan da matansa.

Ranar ba ta zo ba. Muhyiddin ya manta cewa dillali ba ya sayen gida don ya zauna. Da tsafin ya saki Abdulgafar ya ga irin asarar da ya tafka, ya nemi mai saye ya rasa, don kasuwar tana nan a mace yadda take. Sai ya sa aka rushe ɗakunan, aka sare mangwaron, aka cike rijiyar, aka malale filin duka da kankare, aka yi masa rufin kwano, ya zama sito yana ba 'yan hatsi haya. Matansa suka haihu lafiya a tsohon gidansa. Muhyiddin ya ji takaici, amma ya ce ba komai, dukiyar ma ramuwa ce.

Abdulmalik ne ya fara. Yaro ɗan shekara goma sha uku, lafiyayye, ya dawo daga makaranta yana cewa cibiyarsa na ja kamar an ɗaura mata igiya. Bayan kwana biyu aka kama shi a bayan gida yana cin ƙasa da hannu biyu. An kai shi asibiti a nan, an kai shi Minna, duk gwajin da aka yi ba a ga komai ba. Ya bushe a tsaye cikin mako uku. Masu wankan gawa suka fito suna kallon juna, ɗayansu ya ja Muhyiddin gefe ya ce jar ƙasa ce ke fitowa daga cibiyar yaron, sun wanke ta ƙi ƙarewa.

Muhyiddin ya ji abin a jikinsa, amma ya ƙi yarda. Ya yi ta maimaita wa kansa cewa a asibiti aka haifi yaron. Bayan wata huɗu Sakinatu ta riƙe cikinta ta ce Baba wani abu na ja na. Ita kwana goma sha ɗaya ta yi. Tun ranar da aka fita da ita Safiyatu ta daina magana da mutane. Sai ta zauna a tsakiyar falo tana kankare tayil da farce har yatsunta su yi jini, tana cewa yaranta na ƙasa suna jin sanyi.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse, ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa. Tambaya ce da namiji ba ya yi wa uwarsa, shi ya sa shekara goma sha uku bai taɓa yin ta ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Inna, in mace ta haihu a asibiti, mabiyiya fa? Can suke zubarwa?"

Tsohuwar ta dube shi da mamaki. "Zubarwa kamar ta akuya? Ai miƙo mana suke yi a leda. Duka ukun ni na kawo su gida da hannuna, na wanke, na binne a bayan ɗakin Safiyatu, wajen gindin mangwaro. Kai kana can kan hanya. Me ya kawo wannan magana?"

Ta taga Muhyiddin yana hango Zulfa, 'yar shekara shida, tana wasa da murfin kwalba a baranda. Ita ce takan taro shi a ƙofa ta karɓe masa hula, ita kaɗai ce ba ya iya yi wa tsawa. Ita kaɗai ta rage masa.

Washegari ya koma kufan. Ya zube a gaban tsohon, ya ce a karɓi motoci da gidan sama da komai. Tsohon ya ce ya riga ya gaya masa ba su san kuɗi ba. Hanya ɗaya ce: ya tono mabiyiyar yarinyar da hannunsa ya fitar da ita daga ƙasar, ko ƙasar wurin ce ma ta wadatar. Amma sai gidan ya dawo mallakarsa a gaban shaidu, don abin da aka tona a gidan wani sata ce, masu rumbu ba sa karɓar ta.

Ranar da ya dawo, Zulfa ta ce cibiyarta na mata ƙaiƙayi.

Ya sami Abdulgafar a bakin siton, ana loda buhuna. Ya ce yana son gidan, a faɗi kuɗi. Abdulgafar ya dube shi sama da ƙasa. Dillali ne, yana ganin mutum ya san matsuwarsa. Ya ce ba zai sayar ba sai ya ji dalilin da Alhaji guda mai gidan sama zai zo yana rawar baki a kan sito. Muhyiddin ya yi ƙarya biyu, duka ba su shiga ba. A ƙarshe ya ja shi bayan mota ya faɗa masa komai, har da rumbun, har da lissafin da ya yi a kan matansa masu ciki.

Da Abdulgafar ya buɗe baki, muryarsa a kwance take.

"Wato 'ya'yana ka kai musu."

"Na yi kuskure, Abdulgafar. Ka dubi Allah. Yarinyar ba ta san komai ba."

"Nawa ma ba su san komai ba. Zan sayar maka. Gidan samanka, da motoci ukun, da duk hatsin da ka tara. Amma akwai kayan mutane a ciki, sai sun kwashe. Ka dawo bayan kasuwa biyu."

Muhyiddin ya kama ƙafarsa a gaban 'yan dako, ya ce zai ɗauko motocinsa a kwashe yau ɗin nan. Abdulgafar ya zare ƙafarsa, ya ce shi ba ya gaggawa a ciniki, ya shiga mota. Kada mai karatu ya ɗauka wannan mutumin kirki ne da aka zalunta. Ya san rai ne a kan gargara, ya ja kwanakin nan da gangan, kuma zai amsa tambayarsa a inda ba dillanci.

Kwana goma sha huɗu Muhyiddin na ɗaure hannun Zulfa da ɗankwali don kada ta ci ƙasa. Ranar da aka sa hannu a gaban mai unguwa, ya fita daga duk abin da ya mallaka, yarinyar ba ta iya ɗaga kai. Aka kwantar da ita a ɗakin wata maƙwabciya. Ya ɗauko Inna a babur, da diga da shebur, ya kai ta siton.

Tsohuwar ta tsaya a tsakiyar fili, ta juya gabas, ta juya yamma. Ba ɗaki, ba rijiya, ba mangwaro, kankare ne shimfiɗe daga bango zuwa bango, har ƙofar ma an sauya mata gefe. Ta nuna wani wuri, ta ce a'a, ta nuna wani. Sai ta fashe da kuka ta ce, "Muhyiddin, ban gane gidan ba."

Ya fara fasawa daga inda ta fara nunawa. Ba dama ya sa leburori, an ce da hannunsa. Kankaren ya yi kauri, don an zuba shi ne saboda nauyin buhuna. Ya fasa tun hantsi har azahar, tafin hannunsa ya sale, ciwon bayan da ya tafi ya dawo masa gaba ɗaya. Ya tona rami na farko, ba saiwar mangwaro, ba komai. Ya tona na biyu. Yana cikin na uku, bayan la'asar, ya ci karo da saiwa, har ya yi wata ƙara ta murna, sai ya ji sallama a bakin ƙofa. Mai unguwa ne da mutum biyu, sun cire huluna sun riƙe a hannu.

Muhyiddin ya dube su daga cikin ramin. Ya ce su ɗan jira, ya kusa. Suka ce Alhaji sai haƙuri, a zo a yi wa Zulfa sutura. Ya ce ai ya kusa, ya ci gaba da tona. Da ƙyar mutum huɗu suka fito da shi, kuma ko a maƙabarta sai da aka riƙe shi, don ya ƙwace shebur yana neman ya kwashe ƙasar daga kabarin.

Safiyatu danginta suka zo suka tafi da ita, har yau ba ta san kanta ba. Inna ba ta ƙara wata uku ba. Muhyiddin kuwa ya sami gidansa, ba mai ƙwace masa, ba kuma mai tayawa ko da kyauta ne. Yana ciki, kwanon ya yaye, filin duk ramuka. Kowace safiya yakan ɗauki diga ya fara sabo, in maƙwabta sun miƙa masa abinci ya ce su ajiye, sai ya fito da Zulfa tukuna.

Wanda duk kasuwa ta juya wa baya, ko wani ya ci masa fuska a cikin mutane, ya yi haƙuri ya kai kukansa ga Allah. Masu rumbu ba sa rama wa kowa, nasu suke karɓa, kuma daga cikin gidan wanda ya kai kansa suke ɗauka. Muhyiddin ya tafi neman hawayen maƙiyinsa, ya binne 'ya'yansa uku, maƙiyin kuma yana kwana a gidan saman da ya gina. Allah Ya tsare mu da kwaɗayi, Ya tsare mu da zuciyar da ba ta yafiya.